Kimanta gonakin gado a ƙasar Wudil: yadda lissafin ƙididdiga ya auna tasirin wuri a kan farashi

Wani manomi a wani ƙauye da ke gefen hanyar Kano zuwa Maiduguri, ba nisa da Wudil, ya rasu ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza uku da mata huɗu, da gonaki huɗu. Iyayensa sun riga shi rasuwa, ba a bin sa bashi, kuma bai bar wasiyya ba. Lissafin rabon bai ɗauki malamin garin wani lokaci ba: an kasa dukiyar kashi 80, matar ta samu tumuninta, wato kashi 10, kowane namiji ya samu 14, kowace mace 7. Inda magana ta tsaya shi ne yi wa gonakin kuɗi, domin ba za a ce wa mutum kashi 7 cikin 80 ne nasa ba sai an san abin da 80 ɗin ta ƙunsa.

Gona ta farko ita ce mafi ƙanƙanta, fuskarta tana kallon kwalta, ƙasarta kuwa fako ce wadda dawa ba ta cika yin kirki a cikinta ba. Ta biyu fadama ce kusa da kogi, ana shinkafa da damina, a yi tumatir da albasa da rani. Sauran biyun gonakin tudu ne na gero da gyaɗa da wake, ɗaya a bayan gari inda take samun taki kowace shekara, ɗaya can nesa, sai an haye wani rafi. An gayyato dillalai biyu, kowanne ya zagaya shi kaɗai. A kan gonakin tudu bakinsu ya zo kusa da juna, amma a kan ta bakin titi kuɗin da ɗaya ya faɗa ya haura ninkin na ɗayan. Babban ɗan mamacin ya nemi a bar masa ita a kan ƙaramin kiyasin, yana kafa hujja da cewa ba ta ba da amfani. Ɗaya daga cikin ƙannensa mata, wadda take aure a birni, ta amsa masa a gaban dagaci: “Yaya, in dai ba ta da amfani, don me duk wanda ya zo daga Kano neman fili ita yake fara tambaya?” Ba wanda ya ba ta amsa. Daga nan ne dagacin ya nemi in duba ko akwai hanyar da za a kafa kiyasin a kan cinikin da aka riga aka yi a garin, maimakon a kan bakin mutum ɗaya.

Wahalar farko ita ce babu wani kundin hukuma da ke riƙe da farashin gonakin karkara. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna, ta kuma bar wa ƙaramar hukuma ba da izinin mallaka na al'ada a wuraren da ba birni ba. Ko a wajen biyan diyya, abin da dokar ta fi dubawa shi ne gini da itatuwa da amfanin gona da ke kan ƙasar. Amma mutane suna saye suna sayarwa kullum, kuma shaidar cinikin tana wajen mai unguwa da mai saye. Takardar da aka saba gani shafin littafin makaranta ce, da boko ko da ajami, an rubuta cewa wane ya sayar wa wane gonarsa da ta yi iyaka da ta wane daga gabas, da burtali daga yamma, a kan kuɗi kaza lakadan, sai sunayen shaidu da dangwale da hatimi. Kusan babu wadda ta ambaci girman gonar. Saboda haka sai da aka taka kowace gona ƙafa da ƙafa tare da wanda ya san ta, ana bin gamba da bishiyoyin da aka yi iyaka da su, wayar hannu tana ɗaukar ma'aunin GPS a kowace kusurwa. Wayar tana iya kaucewa da 'yan mitoci, wanda ba komai ba ne a gona mai eka uku, amma a ƙaramin fili kuskure ne babba, don haka ƙananan da tef aka auna su.

Takardun da aka tara daga unguwannin garin da ƙauyuka biyu na maƙwabta ba su kai ɗari ba, kuma ba dukansu ne suka cancanci shiga lissafi ba. An fitar da cinikin da aka yi tsakanin wa da ƙane, domin kuɗin da ke cikinsa na zumunci ne. An fitar da jinginar da ta daɗe har ta rikiɗe ta zama sayarwa. Wanda ya sayar a matse, don jinya ko biyan bashi, ba a fitar da shi ba, an dai sa masa alama domin lissafin ya ware tasirin matsin. Akwai kuma takardun da shaidu suka tabbatar an rage kuɗin da ke jikinsu don la'ada ta yi sauƙi, waɗannan an gyara su ne kawai inda mai saye da mai sayarwa suka faɗi adadi ɗaya. Wannan tankaɗe da rairaya ya fi lissafin kansa cin lokaci, kuma a ganina shi ne ya fi ƙayyade ingancin sakamakon.

Tunanin da aka gina aikin a kansa tsoho ne. A 1826 wani Bajamushe mai gona, Johann Heinrich von Thünen, ya nuna cewa darajar ƙasar noma tana raguwa gwargwadon nisanta da kasuwa, saboda kuɗin dako yana cinye ribar manomin nesa. A 1974 masanin tattalin arziki Ba'amurke Sherwin Rosen ya tsara hanyar da ake kallon farashin abu a matsayin jimillar farashin siffofinsa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a karar Wudil ranar Juma'a ya ga irin wannan a aikace: mai sayen sa yana duba haƙori da tozo da ƙugu da launi, kowanne yana ƙara wani abu ko ya rage, sai ya haɗa ya yi tayi. Abin da ƙididdiga take yi shi ne ta ɗauki ciniki masu yawa da aka riga aka ƙulla, ta koma baya ta kiyasta nawa kowace siffa ta ƙara, alhali sauran siffofin suna tsaye. Ana samun haka ta hanyar neman layin da jimillar kaucewarsa daga ainihin farashin, bayan an ninka kowace kaucewa da kanta, ta fi zama ƙarama. Manhajar R ta ƙididdiga da QGIS ta taswira, waɗanda kyauta ake sauke su, sun wadatar da aikin.

Abin da ake kiyastawa shi ne farashin murabba'in mita ɗaya, kuma an juya shi zuwa logaridim, wato ma'aunin lissafi da yake duba ninki maimakon tazarar naira, kafin a fara. Amfanin wannan juyi shi ne amsar tana fitowa a kashi cikin ɗari maimakon a naira, wato a ce kusanci da titi ya ƙara kashi kaza, ko gonar mai tsada ce ko mai araha. Haka kuma yana hana ciniki biyu ko uku masu tsadar gaske su ja layin gaba ɗaya zuwa wajensu. Sannan akwai batun shekara. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da sakin darajar naira a watan Yunin wannan shekarar, hauhawar farashi ta wuce kashi 30 cikin ɗari a 2024, don haka naira ta takardar 2019 ba ita ce ta takardar 2024 ba. An ba kowace shekara tata alama a cikin lissafin domin ta ɗauke wannan bambanci. Da aka zo yi wa magada bayani, buhun gero aka yi amfani da shi: kuɗin wannan gona a shekarar da aka saye ta buhu nawa zai saya a kasuwar Wudil da kaka. Kowa ya gane nan take.

Tun da takardun kaɗan ne, ba a cusa siffofi barkatai ba. Akwai ƙa'idar da masu wannan aiki suke bi, cewa kowace siffa da za a saka tana buƙatar ciniki goma ko sama da haka, in ba haka ba lissafin zai haddace takardun da ke gabansa ne kawai, ya kasa faɗin komai a kan gonar da bai gani ba. An fara da girman gona, irin ƙasarta, nisanta da kwalta, nisanta da garin Wudil, ko mota tana isa gare ta da damina, da samuwar ruwan rani. Nisan ma ba na miƙaƙƙen layin taswira aka ɗauka ba, na hanyar da amalanke yake bi aka auna. Gonar mamacin ta hayin rafi ta nuna dalili: a hoton tauraron ɗan adam tana kusa da gari, amma daga Yuli zuwa Satumba sai an yi zagaye ta wata gada, kuma duk mai sayen da ya san garin ya san da haka.

An gwada dabara biyu a lissafin. Ta farko ta ɗauka cewa kowace mita ɗari da aka yi nesa da titi tana rage farashi da kashi iri ɗaya, daga bakin kwalta har ƙarshen gonakin garin. Ta biyu ta bar layin ya karye, ya zama gangaren kusa da titi daban, na nesa daban. Bambancin ya fito fili. Dabara ta farko ta riƙa rage wa gonakin bakin titi kuɗi, tana ƙara wa na tsakiya, kuskurenta kuma duk ya karkata gefe guda. Ta biyu ta nuna cewa farashi yana faɗuwa da ƙarfi a cikin 'yan ɗaruruwan mitoci na farko, daga nan sai ya kusan kwantawa, har ta kai gonar da ke kilomita biyu daga titi da wadda ke kilomita huɗu ba su da wani bambancin a zo a gani idan ƙasarsu iri ɗaya ce.

A nan ne zuciyar lamarin take. Kasuwa biyu ce take ci a garin, ko da yake duka ana kiran abin sayarwar gona. A cikin daji mai saye manomi ne, lissafinsa buhu nawa zai samu, don haka ƙarfin ƙasa da taki da sauƙin kwaso amfani su ne suke yanke farashi, nisan Wudil kuwa bai nuna wani tasiri ba. A bakin titi mai saye ba ruwansa da dawa. Eka ɗaya murabba'in ƙafa 43,560 ce, fili mai ƙafa hamsin-hamsin kuwa 2,500 ne, wato eka tana ɗauke da fili 17 kafin a cire hanyoyi, kuma wannan lissafin ne yake cikin kan duk mai shirin awon igiya. A wannan yanki irin ƙasa ta daina tasiri gaba ɗaya, fakon da ke hana shuka ma ya fi rairayi daɗin gini. Abin da ya tashi shi ne tsawon fuskar da ta kalli kwalta, kusancin turakun lantarki, da kusanci da Wudil, garin da ke da nisan kimanin kilomita 40 daga Kano, mai jami'ar da aka buɗe a 2001 da makarantar horar da manyan jami'an 'yan sanda, ga kuma kasuwa da tagwayen hanya. Dillalan nan biyu ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Ɗaya ya kimanta gonar a kasuwar manoma, ɗaya a kasuwar masu yanka fili, gonar kuwa ta riga ta bar ta farko ta shiga ta biyu. Hujjar babban ɗan cewa ba ta ba da amfani gaskiya ce, sai dai ba ita ce take sa mata kuɗi ba.

Girman gona ma ya nuna abin da aka zata: babbar gona ta fi arahar mita, domin masu iya biyan ta dunƙule kaɗan ne. Burtali a iyaka yana ɗan rage kuɗi, amma takardun da suka shafe shi ba su isa a kafa hukunci a kansu ba.

Bayan haka sai aka ɗora kuskuren lissafin a kan taswira, wato tazarar da ke tsakanin kiyasi da ainihin kuɗin kowace takarda. Idan lissafi ya kama duk abin da ya shafi wuri, ya kamata rara da giɓi su warwatsu ba tsari. Masanin labarin ƙasa Waldo Tobler ya faɗa a 1970 cewa komai yana da alaƙa da komai, amma abubuwan da ke kusa da juna sun fi alaƙa, kuma akwai ma'aunin da Patrick Moran ya fitar a 1950 da ake gwada irin wannan taruwa da shi. Ma'aunin ya nuna akwai taruwa, taswirar kuma ta nuna wuri biyu. A arewacin garin gonaki da dama sun sayu ƙasa da kiyasi. Da na nuna wa wani dattijo wurin a waya, bai ko ƙarasa dubawa ba ya ce: “Ai ɗana, nan kwari ne. Ruwa yana kwana a wurin a watan takwas, gero ya yi ja ya tsaya.” Da rani aka taka gonakin, ido ba ya ganin komai, kuma hoton sama na rani bai nuna ba. Aka ƙara kwanciyar ruwa a cikin siffofi, kuskuren wannan gefe ya ragu ƙwarai. Wuri na biyu yana gabas, inda ciniki kaɗan suka haura kiyasi, duka a shekara ɗaya, duka masu sayen baƙi ne. Mai unguwa ya ce a shekarar ne aka yi ta raɗe-raɗin za a fitar da sabuwar hanya ta wajen, hanyar da har yau ba a ga turakunta ba. Wannan ba siffar ƙasa ba ce, jita-jita ce da ta shiga farashi, don haka an bar ta a matsayin kuskure, ba a ƙirƙiro mata gurbi ba.

Akwai hanyar da masana a jami'ar Newcastle ta Ingila suka gabatar a 1996, wadda take barin tasirin kowace siffa ya sauya daga wuri zuwa wuri a kan taswira. Ta dace da irin wannan tambaya, amma tana buƙatar ɗaruruwan ciniki, don haka ba a yi amfani da ita ba.

Gwajin da ya fi gamsar da magada shi ne mafi sauƙi. Ana cire takarda ɗaya a ɓoye ta, a sake lissafin da sauran, a tambaye shi kuɗin wadda aka ɓoye, sannan a buɗe a gwada, haka har a zagaye duka. A gonakin tudu kiyasin ya riƙa faɗawa kusa da gaskiya. A bakin titi tazarar ta yi faɗi, domin cinikin can kaɗan ne kuma kowanne da halinsa. A fadama kuwa lissafin bai isa a dogara da shi ba, dalili kuwa shi ne ba a cika sayar da fadama mai kyau ba. Wadda take zuwa kasuwa sau da yawa ita ce wadda ambaliya ta saba ci ko wadda gaɓarta take zaizayewa, saboda haka takardun da ake da su ba su wakilci irin ta mamacin ba. Na dage a kan a faɗi wannan a fili a gaban kowa, domin adadi ɗaya tilo da ya fito daga kwamfuta yana da kwarjinin da zai iya rufe bakin mai gaskiya, musamman mace ko ƙaramin yaro da ba su saba ja-in-ja a zauren dagaci ba. Kowace gona an ba kuɗinta iyaka biyu, ta ƙasa da ta sama.

A kan wannan aka yi rabon. Gonakin tudu biyu an yi musu kuɗi a tsakiyar iyakokinsu, maza biyu da suke noma a garin suka ɗauke su a cikin kasonsu, aka daidaita abin da ya haura da kuɗi. Fadama an kimanta ta da kuɗin hayar rani da masu injin ban ruwa suke biya a makamantanta, aka ninka shi da adadin shekarun hayar da ake ganin suna mayar da kuɗin saye a yankin, sannan aka gwada amsar da 'yan takardun da ake da su. Ta bakin titi kuwa, ko iyakarta ta ƙasa ta haura kuɗin da babban ɗan ya nemi a bar masa ita a kai, ta saman kuma ta yi nisan da ba wanda zai yarda ya biya 'yan'uwansa a kanta. Malamin da ya yi lissafin gadon ya ba da shawarar kada a mayar da ita kuɗi ko kaɗan, a auna ta a raba ta ita kanta bisa kashi 80 ɗin, a kuma raba fuskar titin bisa wannan ma'auni, tun da lissafin ya nuna a fuskar darajar ta fi taruwa. Mai awo ya yanka ta a tsaye daga kwalta zuwa ciki, aka haɗa kason matar mamacin da na 'ya'yanta mata biyu wuri ɗaya don kada ya yi siririn da ba ya ginuwa, aka yi ƙuri'a a kan wanda zai samu wane gefe. Babban ɗan bai ji daɗi ba a ranar, amma ya sa hannu.

Ya kamata a san iyakar abin da wannan lissafi ya tabbatar. Ya nuna abin da masu saye suka biya a wannan yanki a waɗannan shekaru, bai nuna cewa titin ne shi kaɗai ya haifar da tsadar ba, domin tun asali hanyoyi ta kan tudu mai tauri da garuruwa masu jama'a ake bi da su, kuma raba tasirin titi da na wurin da aka zaɓa masa yana buƙatar takardun kafin a yi shi da na bayan an yi. Bai kuma auna abin da gonar bayan gari take nufi ga ɗan da ya tashi yana noma ta tare da mahaifinsa ba, wannan magada ne suka sasanta shi a tsakaninsu.

Bayan an gama, wani mai unguwa daga hayin kogi ya nemi a yi wa wata gonar gado kuɗi da wannan lissafin. Ba a yi ba, domin babu ko takarda ɗaya daga gefensu a cikinsa, hanyarsu ta zuwa kasuwa daban ce, ƙasarsu kuma ta fi laka. An dai ba shi fom ɗin da masu unguwannin garin suka fara cikewa a kowane sabon ciniki, mai gurbin girman gona, ma'aunin kusurwoyinta, dangantakar mai saye da mai sayarwa, da ko ruwa yana kwana a cikinta da damina.